Hajijiya a Sararin Sama: Tarihin Ƙa'idodin Tuƙin Ƙananan Jirage



Batun da zan yi magana a kansa shi ne tarihin ƙa'idodin da aka shimfiɗa wa matuƙin jirgin sama mai zaman kansa. Abin da nake nufi da mai zaman kansa shi ne mutumin da ya koyi tuƙi, ya sami lasin, domin ya riƙa tashi da ƙaramin jirgi saboda bukatar kansa ko saboda sha'awa, ba don a biya shi ba. Yana iya zama likita, ko babban manomi, ko attajiri. Jirginsa galibi inji ɗaya gare shi, da kujeru biyu zuwa shida. Matuƙin babban jirgin fasinja yana da mataimaki a gefensa, yana da ofishi a ƙasa mai duba masa yanayi da lissafa masa mai, akwai kuma kamfani a bisa kansa mai ikon hana shi tashi. Mai zaman kansa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ke da wuƙa, shi ke da nama, kuma in yankan ya ɓaci a jikinsa zai ƙare.

Wanda ya buɗe littafin ƙa'idodin nan zai ga busasshen rubutu irin na ofis: mil kaza, ƙafa kaza, minti kaza. Amma da wuya a sami layi guda a ciki wanda ba a binne wani ba kafin a rubuta shi. Abin da nake so in nuna kuwa shi ne, galibin waɗannan layuka ba saboda lalacewar inji aka yi su ba. An yi su ne domin a tsare matuƙi daga kansa, watau daga abin da jikinsa yake gaya masa, da abin da ya tabbata ba zai manta ba, da ɗokinsa na ya isa inda za shi. Mafi yawan labarin a Amurka ya faru, tun da yake can ne ƙananan jirage suka fi yawa a duniya.

Ran 17 ga Disamba, 1903, 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da jirginsu a gefen teku kusa da Kitty Hawk. Tashin farko sakan 12 ne, nisansa ƙafa 120. Shekara biyar ba ta cika ba aka sami mutuwa ta farko a jirgi mai inji: cikin Satumba 1908 farfelar jirgin Orville ta tsage yana cikin gwaji a gaban sojoji, ya karairaye, hafsan da ya ɗauka, Laftanar Thomas Selfridge, ya rasu. Faransa ta soma ba da takardar shaidar tuƙi a 1909, ƙasashe kuma suka ƙulla yarjejeniyar farko ta zirga-zirgar jiragen sama a birnin Paris a 1919. Amurka ba ta shiga wannan yarjejeniya ba, kuma har zuwa 1926 babu wata doka ta gwamnatin tarayya da ta hana mutum ya sayi tsohon jirgin soja da araha, ya koyi tuƙi cikin 'yan kwanaki, ya shiga ɗaukar mutane a gonakin ƙauye.

Darasin farko mai tsada daga gidan waya ya zo. Ran 15 ga Mayu, 1918, aka buɗe jigilar wasiƙu ta sama tsakanin Washington da New York, Shugaba Woodrow Wilson da kansa ya zo kallo. Aka yi ta murɗa farfela inji ya ƙi tashi, shugaban ƙasa yana tsaye yana jira, sai can aka gano ashe ba wanda ya tuna ya zuba mai a tanki. Da aka zuba, matuƙin, wani saurayin hafsa mai suna George Boyle, ya tashi ya bi layin dogo don ya zame masa jagora, amma sai ya bi wanda ya nufi kudu alhali arewa za shi. Ya sauka a wata gona kimanin mil 25 daga inda ya tashi, jirgin ya kife, wasiƙun suka komo Washington a mota. An yi dariya a ranar. Abin da ya biyo baya bai ba kowa dariya ba, domin daga 1918 zuwa 1927 matuƙan gidan waya fiye da 30 suka mutu a bakin aiki, da yawansu cikin hazo da gajimare.

Mutumin da ke riƙe da wannan sashe a lokacin sunansa Otto Praeger. Tsohon ɗan jarida ne, bai iya tuƙin jirgi ba, kuma abin da ya dame shi shi ne ya nuna wa majalisa cewa wasiƙa tana isa a kan lokaci, kada a yanke masa kasafi. Saboda haka ya ba da umurni a riƙa tashi ko da wane irin yanayi. Cikin Yuli 1919 wani matuƙi, Leon Smith, ya duba hazon da ya rufe filin New York ya ce ba zai tashi ba. Aka juya ga wani, Hamilton Lee, shi ma ya ƙi. Aka kore su duka biyu, sauran matuƙa suka shiga yajin aiki. Sulhun da aka yi bayan 'yan kwanaki yana da ban sha'awa ƙwarai: in gardama ta tashi a kan yanayi, to, shugaban filin da ya ce ana iya tashi sai ya shiga jirgin a zaga da shi a sama ya gani da idonsa. An mai da Lee bakin aikinsa, Smith kuwa bai komo ba. Ina roƙon manyan ma'aikata da ke zaune a nan su riƙe wannan labari, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma umurnin da aka sa wa hannu a kan tebur wani ne zai ɗauke shi ya shiga hadari da shi. A yau dokar Amurka da ta ƙasashen duniya duk sun tabbatar cewa matuƙin da ke riƙe da jirgi shi ke da magana ta ƙarshe game da tafiyarsa, alhakin kuma yana wuyansa.

To, amma mene ne yake kashe mutum a cikin gajimare? Matuƙan wancan zamani sun ɗauka sun san amsa. Sun yi imani cewa gwani yana jin jirginsa a jikinsa, ko ido a rufe ya san ko ya karkata ko yana daidai, wanda ya faɗo kuwa rashin gwaninta ne. Wasu da suka tsira suka riƙa rantsuwa cewa gajimare yana haukata kamfas, don sun ga allurarsa tana ta zagayawa alhali su a miƙe suke tafiya. Ba su san jirgin ne yake zagayawa ba.

Duk wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro ya riga ya san rabin amsar. Yaro ya buɗe hannuwa ya yi ta juyawa, in ya tsaya cik sai ya ji duniya tana juyawa ta ɗaya gefen, ya tafi taga-taga ya faɗi. Dalili kuwa a cikin kunne yake. Can ciki akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. In kai ya soma juyawa, ruwan yakan yi nawa, ya tura wasu siraran gashi, su kuma su sanar da ƙwaƙwalwa. Amma in juyawar ta ɗore bisa gudu ɗaya na kamar sakan 20, ruwan yakan tarar da bututun su tafi tare, sai kunne ya ce an tsaya. In kuwa aka tsaya da gaske, ruwan ya ci gaba da tafiya, sai kunne ya ce an soma juyawa ta ɗaya hannun. Bugu da ƙari, karkatar da ta zo sannu a hankali kunne ba ya jin ta sam. Wani likita na birnin Vienna, Robert Barany, ya sami lambar Nobel ta 1914 saboda bincikensa a kan wannan sashe na kunne, kuma kujerar da ake juya mutum a kai don gwaji da sunansa ake kiranta.

A ƙasa ido ne yake gyara wa kunne kuskurensa, shi ya sa ba mu damu ba. A sama ma haka ne muddin matuƙi yana hangen mahaɗar sama da ƙasa. Da zarar gajimare ko duhu ya shafe wannan layi, sai kunne ya zama shi kaɗai ne mai ba da shaida, ga shi kuwa mai shaidar zur ne. Nauyin jiki a kan kujera ma ba ya taimako, domin jirgin sama karkata yake yi in zai juya, kuma in juyawar ta yi daidai, ƙarfinta yakan danna mutum sosai cikin kujerarsa kamar yana zaune a ɗaki; ko shayi ne a kofi ba zai zube ba. Ga yadda abin yake kasancewa. Fiffike ɗaya ya sunkuya kaɗan, matuƙi bai ji ba. Jirgi ya soma zagaye, hancinsa ya yi ƙasa, gudu ya ƙaru. Matuƙi ya ji ƙarar iska ta sake, ya ga ma'aunin tsawo yana raguwa, sai ya yi abin da hankali ya ba shi, ya jawo sandar tuƙi don ya ɗaga hanci. Tun da yake jirgin a karkace yake, jan nan ba abin da zai yi sai ƙara matse zagayen. Haka zai yi ta ja, jirgi yana ta murɗawa ƙasa, har fiffike ya ɓalle ko ya tarar da ƙasa.

Wanda ya fi kowa wahala wajen fahimtar da mutane wannan shi ne wani hafsan sojan Amurka, William Ocker. Tun wajen 1918 yake yawo da wani ɗan agogo na kamfanin Sperry mai nuna ko jirgi yana juyawa. Aikin agogon ya dogara ne bisa wani ƙaramin ƙarfe mai juyawa da sauri a cikinsa, wanda yake riƙe tsayuwarsa kamar yadda katantanwa take yi in yaro ya murza ta da kyau. Amma shi kansa Ocker, in ya shiga gajimare, sai ya ga agogon yana faɗin abin da jikinsa bai yarda da shi ba, ya ɗauka ya lalace. A 1926, a wani sansani a San Francisco, likitan soja Kyaftin David Myers ya ɗora shi bisa kujerar Barany, ya sa ya rufe ido, ya juya shi. Ocker ya kasa faɗin inda ake juya shi, ko ma an tsaya. Sai ya tafi ya sa agogonsa cikin wani akwati da 'yar tocila, ya komo ya hau kujerar yana leƙen cikin akwatin kawai. Wannan karon bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, domin abin da allura ta nuna yake faɗi, ko da jikinsa yana ce masa ƙarya ne.

Sai a zaci daga nan magana ta ƙare. Ina! Tsofaffin matuƙa suka ɗauki abin cin mutunci, har manyansa suka sa aka duba lafiyar hankalinsa. Masu gardama suka ce ai tsuntsu ba ya ɗaukar agogo. Ocker da abokin aikinsa Carl Crane suka rufe wa tantabaru ido suka sake su daga jirgi, tantabarun suka kasa tafiya a miƙe, suka riƙa faɗowa. Su biyun suka wallafa littafinsu a kan tuƙi ba tare da gani ba a 1932. Kafin nan, ran 24 ga Satumba, 1929, James Doolittle ya riga ya nuna iyakar abin da agogo zai iya. A filin Mitchel kusa da New York aka lulluɓe mazauninsa da tanti har ba ya ganin waje, ya tashi, ya yi zagaye na kimanin minti 15, ya sauka, yana dogara ga agogon da ke zana masa mahaɗar sama da ƙasa, da ma'aunin tsawo mai kaifi na Paul Kollsman, da sautin rediyo mai nuna masa hanya. Akwai wani matuƙi a kujerar gaba saboda tsaro, amma bai taɓa sanda ba. Daga wannan zamani tuƙin jirgin sama ya rabu gida biyu har yau: tuƙi da ido, da tuƙi da agogo, kowanne da ƙa'idodinsa da irin shaidar da ake nema ga mai yinsa.

Bari in ɗan ratse zuwa ga mantuwa, kafin in komo ga hazo. Ran 30 ga Oktoba, 1935, a filin Wright da ke jihar Ohio, sojoji suna gwada wani sabon jirgin yaƙi mai inji huɗu na kamfanin Boeing. Wanda ke tuƙi, Manjo Ployer Hill, shi ne shugaban masu gwajin jirage na wurin, watau ba a fi shi sani ba. Jirgin ya tashi, ya ɗaga hanci ya yi ta miƙewa sama har iska ta daina ɗaukar fikafikansa, ya faɗo ya kama wuta. Hill ya rasu, haka kuma Leslie Tower, babban matuƙin gwaji na kamfanin. Da aka bincika sai aka tarar ba abin da ya sami inji. Akwai wata sakata da ake kulle fikafikan wutsiya da ita in jirgi yana ajiye, don kada iska ta riƙa kaɗa su, ita ce aka manta ba a zare ba. Maganin da matuƙan suka fito da shi ba ƙarin horo ba ne, gama wa zai horar da Hill? 'Yar takarda ce mai jerin abubuwan da za a duba ɗaya bayan ɗaya kafin tashi, da bayan tashi, da kafin sauka, da bayan sauka. Jirgin nan shi ya zama B-17, wanda aka ƙera fiye da 12,000 nasa a yaƙin duniya na biyu, takardar kuwa ta bi dubban samarin da aka koya wa tuƙi, ta shiga kowane ƙaramin jirgi bayan yaƙi.

Yau ɗalibin tuƙi tun ranar farko ake koya masa ya zaga jirginsa da ƙafa kafin ya shiga. Zai buɗe tanki ya ga mai da idonsa, kada ya dogara ga allura. Zai tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki cikin kwalba ya duba ko ruwa ya kwanta, don ruwa ya fi fetur nauyi. Zai lissafa nauyin mutane da kaya da inda aka ɗora su, ya tuna kuma cewa ranar zafi iska ba ta da kauri, jirgi yana bukatar titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Sa'an nan a bakin titi ya motsa sanda ko'ina ya tabbata fikafikai suna amsawa. Aibin takarda ɗaya ne: wanda ya karanta ta sau dubu yakan soma jin ya fi ƙarfinta. Ran 31 ga Mayu, 2014, wani jirgin attajirai ƙirar Gulfstream ya kasa tashi a Bedford ta jihar Massachusetts, ya zarce titi ya ƙone da mutum 7. Sakatar nan ce dai ta 1935. Na'urar jirgin ta nuna wa masu bincike cewa a cikin tashi 175 na baya, matuƙan biyu, waɗanda duk ƙwararru ne, sun tsallake cikakken gwajin fikafikai a kashi 98 cikin ɗari.

Mu komo ga hazo. Bayan 1945 ƙananan jirage irin su Cessna da Piper da Beechcraft suka yawaita a hannun farar hula, akasarinsu kuwa masu tuƙi da ido ne kawai. Sai tsohuwar mutuwar matuƙan gidan waya ta dawo, wannan karon a kan likitoci da lauyoyi da iyalansu. A 1954 masu bincike na Jami'ar Illinois suka ɗauki matuƙa 20 waɗanda ba su taɓa koyon tuƙi da agogo ba, suka sa kowannensu a jirgi ƙirar Bonanza tare da malami. Aka rufe gilasan jirgin da launin ruwan ƙwai, aka sa wa matuƙin tabarau shuɗi, ta yadda yana ganin agogunansa amma waje ya zame masa baƙi ƙirin. Dukkansu 20 jirgin ya kuɓuce musu. Wani sakan 20 ya yi, wanda ya fi daɗewa ya yi minti 8, matsakaicin lokacin kuwa sakan 178, watau minti uku ba su cika ba. Mutane sun riƙe wannan adadi suna tsorata ɗalibai da shi, amma sukan manta da rabi na biyu na binciken, wanda a ganina ya fi amfani. An koya wa mutanen nan dabara guda cikin 'yan sa'o'i: yadda za su rage gudu, su bi allura, su juya a hankali su koma ta inda suka fito, tun da can ne suka baro sarari. Da aka sake gwada su kusan duka suka fita lafiya.

Ƙa'idodin da ake bi a yau 'ya'yan wannan tarihi ne. A Amurka galibi ba a ba mutum lasin mai zaman kansa sai ya yi aƙalla awa 40 a sama, a ciki har da awa 3 na tuƙi da agogo da awa 3 na dare. A galibin sararin da hukuma ke lura da shi, mai tuƙi da ido ba zai tashi ba sai ana hangen mil 3, kuma ya nisanci gajimare da ƙafa 500 in yana ƙarƙashinsa, ƙafa 1,000 in yana bisansa, ƙafa 2,000 in yana gefensa. Ma'aunin hukumar jiragen sama ta duniya, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, kilomita 5 ne a irin wannan sarari. Tilas ya ɗauki man da zai kai shi ya kuma rage na minti 30 da rana, ko 45 da dare. Ba zai ɗauki kowa ba sai ya yi tashi da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce, kuma kowace shekara biyu sai malami ya sake duba tuƙinsa. Awa 3 ɗin nan na agogo fa ba izinin shiga gajimare ba ne. Guzuri ne na wanda tsautsayi ya rutsa da shi, don ya sami hanyar fita.

A nan ne nake ganin doka ta kai iyakarta, kuma mu mutanen ƙasar hunturu mun fi kowa sanin dalili. Jiragen farko da suka sauka Kano, guda uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham, sun iso ne ran 1 ga Nuwamba, 1925, ana gab da shiga hunturu. Tun daga lokacin duk mai tuƙi a wannan yanki, har da ɗaliban makarantar koyon tuƙi ta Zariya da aka kafa a 1964, da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake fama. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hangen kilomita guda, hukunci mai sauƙi ne, kowa ya zauna a ƙasa. Ranar hatsari ita ce wadda ma'auni ya ce ana hangen kilomita 5 ko 6. Doka ta yarda a tashi, in ka duba ƙasa sosai kana ganin gonaki, amma in ka duba gaba sama da ƙasa sun narke sun zama abu guda. Doka tana auna nisan gani, kunne kuwa layin nan yake bukata. Saboda haka malaman tuƙi nagari sukan sa ɗalibi ya rubuta wa kansa iyakoki da suka fi na hukuma tsanani, ya rubuta su tun yana gida hankalinsa kwance, kada ya bari sai yana bakin jirgi mutane suna jiransa.

Misalin da ya fi kowanne bayyana wannan shi ne na John Kennedy ƙarami, ɗan shugaban Amurka da aka kashe a 1963. Ran 16 ga Yuli, 1999, ya shirya tashi daga New Jersey da jirginsa ƙirar Piper Saratoga, tare da matarsa da 'yar'uwarta. Zai sauke ɗaya a tsibirin Martha's Vineyard, sa'an nan ya wuce bikin auren wata 'yar'uwarsa. Yana da kimanin awa 310 na tuƙi, ya soma koyon tuƙi da agogo amma bai gama ba. Niyyarsa ya tashi da sauran rana, sai cunkoson motoci ya makarar da su, ba su ɗaga ba sai ƙarfe 8:38 na dare. Wani malaminsa ya ce zai raka shi, ya ce a'a, yana so ya yi shi kaɗai. Bisa ma'aunin hukuma yanayin daren ya halatta tuƙi da ido, lasin ɗinsa kuma ya yarda masa ya tashi da dare. Muddin yana bin gaɓar teku fitilun garuruwa suna riƙe masa layi. Da ya juya ya hau kan ruwa, cikin hazo, ba fitila a ƙasa, sai abin da Ocker ya gani bisa kujera ya same shi. Na'urar hangen jirage ta nuna jirgin yana hawa yana sauka, ya juya dama, ya juya hagu, daga bisani ya shiga zagaye ta dama yana gangarowa fiye da ƙafa 4,700 a minti guda. Wajen ƙarfe 9:41 ya faɗa teku. Masu bincike ba su sami aibi a inji ko agogunan jirgin ba, har da na'urar tuƙa kai wadda da an kunna ta da ta riƙe fikafikan daidai. Ban ga wauta a labarin nan ba. Abin da na gani shi ne mutum mai alkawari a wuyansa, wanda kowace shawara da ya yanke, in an ɗauke ta ita kaɗai, tana da hujja.

Wannan nauyi na alkawari shi ne kuma asalin dokar da ta hana mai zaman kansa ɗaukar fasinja don kuɗi. Wasu sukan ɗauka kariya ce kawai ga cinikin kamfanoni. Amma wanda aka biya yana jin kunyar ya ce ba za a tafi ba, fasinjan kuwa ba shi da hanyar sanin iyakar gwanintar wanda ya ɗauke shi. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa a cikinku za su tuna Emiliano Sala, ɗan ƙasar Ajantina, wanda ƙungiyar Cardiff ta saya daga Nantes. Ran 21 ga Janairu, 2019, aka ɗauke shi daga Faransa cikin ƙaramin jirgi ƙirar Piper Malibu. Matuƙin lasin mai zaman kansa gare shi, ba shi da izinin tuƙin dare, kuma biyansa za a yi. Da safe aka shirya tafiyar, aka ɗaga ta zuwa dare, bai ce a'a ba. Hukumar binciken hatsarin jirage ta Ingila ta ce jirgin ya kuɓuce masa ne a bisa teku yana cikin juyawa, ga alama don ya kauce wa gajimare, ya gangaro da gudun da ya fi ƙarfinsa har ya karye tun a sama. An kuma sami gubar hayaƙin inji mai yawa a jinin Sala, abin da ya nuna tana yiwuwa ta taɓa matuƙin shi ma, ga shi ba a sami shaidar akwai 'yar na'urar da ke gargaɗi a kan wannan guba tana aiki a jirgin ba. An tsamo gawar Sala daga ƙarƙashin teku cikin Fabrairu, ta matuƙin ba a same ta ba. A Nuwamba 2021 wata kotu a Cardiff ta ɗaure mutumin da ya shirya tafiyar wata 18.